Jeren da Ba Amarya

Yaya,

Da fatan kuna lafiya kamar yadda nake a nan, in ka cire sanyi. Saƙon ya isa hannun Kawu ko? Maganar fili ku bar ta sai na kira. Aiki lafiya, tarin nan ma ya sake ni. Labarin kirki ya ƙare ke nan, yanzu ki gyara zama.

Da farko ki je ki ba Inna haƙuri a madadina. Shekara nawa muka yi muna yi mata tsiya kan kwanukan jerenta, waɗanda ba a ci a ciki, ba a sha, sai dai a goge ranar jajiberin sallah a mayar kabad? Ashe Inna ce wayayya, mu ne ƙauyawa. Ranar Asabar na ga jeren da gari guda ya taru ya yi, kuma babu amarya.

Garin nan namu Toledo, a jihar Ohio, laƙabinsa Birnin Gilashi. Wani attajiri mai masana'antar gilashi, Edward Libbey, shi ya kafa musu gidan ajiye kayan fasaha a 1901. Shiga kyauta ne, kin kuwa san ƙaninki da kyauta. A 2006 suka ƙara wani gini a tsallaken titi, wasu Japanawa biyu suka zana shi, bangonsa duk gilashi, ciki da waje, a lanƙwashe. Na hango ƙofa, na nufe ta da ƙarfin gwiwa irin na ɗan gari. Ba ƙofa ba ce. Goshina ne ya sanar da ni. Wata tsohuwa ta matso tana tambaya ko lafiya, na ce ai ingancin aikin nake dubawa.

Ciki kuwa tambulan ne, kwalabe, kofuna, butoci, dubbai, wasu tun zamanin Fir'auna da Rumawa. Kowanne an ba shi ɗakinsa na gilashi da fitilarsa, wato an saka gilashi a cikin gilashi a cikin gidan gilashi. Akwai wani ƙaton kwano da aka sassaƙa don bajekolin St. Louis na 1904, ya fi buhun siminti nauyi. Da a gidanmu yake, kunun buɗa-baki na unguwa kaf zai ɗauka, har almajirai su samu. Nan yana zaune, ko ƙuda bai taɓa samun alherinsa ba.

Amma kallon da suke yi ne ya fi ɗaure mini kai. Mutum da gemunsa zai tsaya gaban kofi, hannu a baya, ya karkata kai dama, ya karkata hagu, ya ja da baya taku biyu, ya ce "hmm". Ba ya taya, ba ya tambayar nawa aka saya, ba ya ko ƙwanƙwasawa ya ji ƙararsa. Magana sai raɗa, kamar gidan makoki kafin a fito da gawa. Na yi sallama da muryata ta gida, mutum shida suka waiwayo. Na tuna ranar da matan unguwa suka zo ganin ɗakinki, Gwaggo tana ɗaga murfin kowace kwalla tana kiran farashi, har ta leƙa ƙarƙashin gado. A kawo Gwaggo nan, minti goma sun isa a rufe gidan, gwamnan Ohio ya yi jawabi a talabijin. Ni ma dai na gwada: na tsaya gaban wata kwalba na ce "hmm". Wani ya gyaɗa mini kai kamar na yi fatawa.

A babban ginin zane-zane suke, na masu zane irin su Rubens da El Greco, yawanci mutane ne cikin tufafin da ko ba su isa ba ko sun yi yawa. Ɗaya ne ya tsayar da ni, na Van Gogh: gonar alkama, rawaya jawur, da mutum guda a duƙe yana girbi. Duƙawar Baba ce sak a Kadawa. Nan ban ce "hmm" ba, ban ce komai ba.

Daga ƙarshe na koma inda suke busa gilashi a gaban jama'a. Wata yarinya ta tsoma dogon bututun ƙarfe cikin wuta, ta ciro narkakken gilashi kamar zuma, tana juyawa tana hurawa har ya kumbura ya zama tulu. Aka tafa mata. Na ce wa na kusa da ni mu ma muna da masu wannan sana'a a Bida, awarwaro da duwatsun wuya suke yi tun kaka da kakanni, kuma nasu sakawa ake yi. Ya rubuta sunan garin a wayarsa, ni kuwa kaina ya fi tulun kumbura. Aka gama, kowa ya watse, na yi zamana. Zafin tanderun ya haura digiri 1,000, kuma tun da na sauka ƙasar nan ban ji iska mai kama da ta Kano a watan Afrilu ba sai a gurin. Har gumi na yi, Yaya. Sai da aka fara kashe fitilu na tashi.

Na saya wa Inna ƙaramin kofi shuɗi, kuɗinsa ba zai faɗu a wasiƙa ba. Ki ce mata kada ta sha komai da shi. Ki ɗauko mini hoton kabad ɗinta, duka jeren, ki turo. Maganar goshi kuma kada Auta ya ji.

Ƙaninki na Toledo.