Masu Hawan Jabalun Nur da Tsakar Rana

Jabalun Nur, dutsen da Kogon Hira yake kansa, tsayinsa kimanin mita 640 ne, matakalarsa ta haura dubu, kuma a watan Yuni zafin Makka kan zarce digiri 40. A irin wannan yanayi lissafi ne ke kai mutum sama, ƙarfi ɗan rakiya ne kawai. Duk wanda ya tsaya a gindin dutsen ya ƙare wa alhazanmu kallo zai gaskata haka.

Na farko shi ne Sarkin Gaggawa, matashin da ke tsallake matakala bibbiyu yana waiwayen dattawa da murmushin tausayi. Kafin a yi sulusin tafiya za a same shi a raɓe da inuwar da ba ta kai faifai ba, yana haki, yana cewa ai tsayawa ya yi ya jira jama'a. Bayansa ga Alhaji Babba da shadda mai sitaci da silifas ɗin wanka, wanda a gida ko bene ɗaya ba ya hawa sai an riƙe masa jaka. Nan kuwa babu direba babu yaron gida, gwiwa ce kaɗai ke amsa kira. Sai Hajiya Mai Guzuri, wadda ta cika leda da dambun nama da ƙuli-ƙuli, abincin da ke kiran ƙishirwa, ta kuma taho da robar ruwa ɗaya tal. Biran dutsen sun san ƙarar leda sarai, su ne ke rage mata kaya ba tare da sallama ba. Ga kuma Mai Waya, da ke kiran bidiyo zuwa Funtuwa kowane taku ashirin yana cewa, "Yaya, kin ga inda nake?" har zafi ya kashe wayar kafin a kai wurin da ya cancanci hoto. Mafi haɗari shi ne mai saukowa, wanda ke ce wa kowa "Saura kaɗan, Alhaji," ko da rabin dutsen ne ya rage.

Duk waɗannan kan yi kiciɓis da wata tsohuwa tana gangarowa da sandarta da carbinta. Ita tun bayan Asuba ta kama hanya, tana kurɓar ruwa kafin ƙishi ya zo, tana hutawa kafin ta gaji. Ta leƙa kogon, wanda tsawonsa bai kai mita 4 ba, ta juyo tun rana ba ta yi tsaka ba. Sannu ba ta hana zuwa.

Wani zai ce ai gwargwadon wahala gwargwadon lada. To amma malamai sun sha bayyana cewa hawan wannan dutse ba ya cikin ayyukan Hajji ko na Umra, kuma a Hajjin 2024, lokacin da zafi ya haura digiri 51, fiye da mutum 1,300 ne suka rasu. Wanda ya ƙarar da ƙarfinsa a nan, da me zai tsaya a Arfa? Wani kuma zai ce mu 'yan ƙasar zafi ne, wanda ya sha ranar Sakkwato me zai ji tsoro. Gaskiya ne, sai dai Basakkwace da hankalinsa, ƙarfe ɗaya na rana a gindin darbejiya ake samunsa, ba a kan dutse ba.