Bazazzagi zai je ganin teku

Bawana Bazazzagi,

Labari ya iske ni har bakin rumfata cewa zaman Bamingam ya ishe ka, za ka kwashi uwargida da yara ku tafi hutun kwana uku a Konwol ƙarshen Agusta. Ba ka nemi izinin ubangidanka ba, amma na yafe. Jadawalin da ka tsara ma yana hannuna, domin uwargidanka ta turo wa yayarta, yayarta kuwa ka san a gidan wa take.

Na karanta shi sai da hawaye suka zubo mini. Layi-layi, launi-launi, kowane minti da aikinsa. "Kallon teku, ƙarfe 9:00 zuwa 9:40." Subhanallahi! Tun da aka kafa muku jami'a a Samaru a 1962, ko tuwo ba kwa ci sai an rubuta muku shi a takarda. Wurare bakwai ka jera a kwana uku: Tintagel, Eden, St Ives, Land's End, Minack, Lizard da St Michael's Mount. Malam, hutu za ka ko yaƙin neman zaɓe?

Bari mu fara da hanya. Ka rubuta awa biyar daga ƙofar gidanka zuwa Penzance, haka wayarka ta gaya maka da tsakar dare lokacin da kowa ke barci. Abin da ba ta gaya maka ba shi ne Litinin ɗin ƙarshe ta Agusta ranar hutu ce a duk Ingila, 'yan makaranta ma ba su koma ba, kuma rabin ƙasar tunaninsu ɗaya da naka. Babban titin M5 a Exeter yake ƙarewa. Daga nan sai A30, inda za ka bi sahun motocin da ke jan ɗakin kwanansu a baya, kana ƙirga shanun gefen hanya. Idan ka sauka daga A30 kuma sai lungunan ƙauye masu faɗin mota ɗaya, ganye ya rufe su dama da hagu. Kada ka ga ganye ka ce za ka ɗan goga ka wuce, katangar dutse ce a ƙarƙashinsa, ta girmi kakanka. In kun yi kiciɓis da wata motar, dole ɗaya ya ja da baya har zuwa inda aka ɗan faɗaɗa. Wannan ne ya fi damuna, don ban taɓa jin Bazazzagin da ya ja da baya a gardama ba, balle a mota. Ina jin tsoron a wayi gari a same ka kai da wani manomi mai tarakta kuna kallon-kallo, kana yi masa bayanin wanda ya fi gaskiya da Turancin Samaru.

Amma babban abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne layin da ka sa wa launin kore: "St Michael's Mount, ƙarfe 2:00, a ƙafa." Wa ya ba ka ƙarfe biyu? Tsibiri ne a gaban garin Marazion, da tsohon gidan sarauta a ƙwanƙolinsa, kuma hanyar dutsen da ake takawa a isa gare shi tekun ce ke buɗe ta, ita ce ke rufe ta. Ruwan yana cika ya janye sau biyu a kwana ɗaya, kowace rana kuma lokacin yana matsawa gaba da kusan minti 50, domin wata yake bi, bai san agogonka ba. 'Yan awoyi kaɗan hanyar ke bayyana, sai ruwa ya dawo ya haɗiye ta. Akwai jadawalin cika da janyewar ruwa na kowace rana, kyauta, shi ne za ka fara dubawa sannan ka gina naka a kansa. Na san da ciwo a ce wa Bazazzagi akwai jadawalin da ya fi nasa. In ka ƙi, ƙananan jiragen ruwa na nan suna jigila lokacin bazara, sai ka biya, kuma na san biya ya fi nutsewa yi maka zafi.

Tun da babban ruwan da ka sani a duniya shi ne Kubanni da Galma, ga ƙarin karatu. Wadda za ka gani a can Tekun Atlantika ce. A tsakiyar Agusta, lokacin da Turawa ke cewa ta yi ɗumi, ma'auninta bai fi digiri 16 zuwa 17 ba. Za ka ga yaransu suna tsalle a ciki suna dariya, kada wannan ya ruɗe ka ka tuɓe riga. Ka tsoma yatsan ƙafa tukuna, ka ji abin da zai gaya maka. Wannan kuma ba wasa nake ba: yara su shiga ruwa tsakanin tutoci masu ja da rawaya kawai, nan ne masu ceto ke sa ido. Akwai igiyar ruwa da ke jan mutum ciki ko da ya iya iyo. In an kafa jar tuta zalla, kowa ya zauna a yashi. Yaran nawa ne, kai kaɗai ne na Zazzau.

Sai Eden, wanda ka ware wa rabin yini. Wuri ne mai ban mamaki, ba na musu. Tsohon ramin haƙar farar ƙasa ne kusa da St Austell, aka rufe shi da manyan rumfuna masu kama da kumfa, aka buɗe a 2001. A cikin babbar rumfar an haɗa zafi da gumi na dajin kurmi, an shuka ayaba da koko da rake da kwakwar manja. Wato ka bar Najeriya, ka haye teku, ka yi tuƙin yini guda, ka zaro fam ɗinka ka biya, don a nuna maka rake ka yi zufa. Mutumin da aka haifa a ƙasar da raken Maƙarfi ke cika tirela! Ka je saboda yara, su da aka haifa a can ba su san ayaba a jikin uwarta ba. Amma in Bature ya tsaya yana karanta allon bayanin rake, ka daure ka yi shiru, ba a gayyace ka lacca ba.

Batun ciki. Abincin da suke taƙama da shi wani naɗin fulawa ne da ake cusa wa naman shanu da dankali da albasa a gasa, guzurin masu haƙar kuza ne a da, kafin ramin ƙarshe na South Crofty ya rufe a 1998. Naman ba yankanmu ba ne, sai ka nemi na cuku da albasa ko na ganye. Soyayyen kifi ma ka tambaya, wasu da giya suke kwaɓa fulawarsa. Duk abin da ka saya a bakin ruwan St Ives, ka ci shi bayanka na jingine da bango. Fararen tsuntsayen wurin ta baya suke zuwa, kafin ka ce bismilla sun yi sama da rabonka. Kada ka ɗauki dutse, doka ta kare su tun 1981. Ka ga ƙasar da ɓarawo ke da lauya.

In an kawo muku shayi da ɗan gasasshen burodi da kirim mai kauri da jam, ka kula da hannunka. A Konwol jam ake fara shafawa sannan kirim a sama. Maƙwabtansu na Devon, da kogin Tamar ya raba su, kirim suke farawa da shi. Shekara da shekaru suna wannan musu, kowa na ganin ɗan'uwansa bai waye ba, tamkar ni da kai. Ba sai na faɗa maka waɗanne ne Kanawan ba: waɗanda suka yi daidai.

Land's End kuwa, na ga ka ja masa layi biyu. Akwai allo a can da ke nuna mil 874 zuwa John o' Groats a ƙarshen Sikotland, kuma hoton da ake sa sunan garinka a jikinsa na kuɗi ne. Na riga na hango ka kana ciniki, kana tambaya ko "Zariya" ta fi "Birnin Zazzau" araha tunda haruffanta kaɗan ne. Ku da kuke cewa mu ne masu son kuɗi.

Ga yadda Bakano zai yi, ka ɗauka kyauta. Ka kama masauki ɗaya a Penzance ko kusa da ita, tun yanzu, kafin farashi ya ƙara hawa. Ka goge Tintagel, can arewa take, ba hanyarka ba ce. Lizard ma ta jira wata shekarar. St Ives kada ka shiga da mota, ka ajiye ta a St Erth ku hau ƙaramin jirgin ƙasa da ke bin gaɓar teku ta Carbis Bay, inda shugabannin G7 suka taru a 2021. Tafiyar ba ta kai kwata ba, amma yara za su fi tunawa da ita fiye da duk abin da ka sa wa launi. Minack ka sayi tikiti tun kana gida. Dandalin wasan kwaikwayo ne da wata mata, Rowena Cade, ta sassaƙa a jikin dutse a saman teku, aka yi wasan farko a 1932, ita da mai kula da lambunta suka yi ta ɗaukar kaya da hannu. Ka tsaya ka dube shi da kyau, ka ga abin da ake yi ba tare da an kafa kwamiti ba. Rigar ruwa kowa da tasa, ko da rana ta ƙwalle da safe. In Juma'a za ku tashi, akwai masallaci kusa da Truro, ka lissafa shi a hanya, sauran sallolin kuwa kai ne liman, Allah ya ba mamu haƙuri. Yini ɗaya kuma ka bar shi fari fat, kada ka rubuta masa komai, uwargida ta zaɓa. Ita ce ke ta fama da ku duk shekara, kuma jadawalinka ban ga inda aka ce ta zauna ba.

Af, kuɗin sharar bana har yau ban gani ba, watan cika-ciki kuwa ya daɗe da wucewa. Mutumin da zai iya biyan kuɗin kallon rake ba zai ce mini babu ba. A fam nake so, kada ka canza.

Ubangidanka,
Bakano