Wa Ya Ba Ki Izinin Ce Mini Ƙawa?

Mu dai a garin nan, in ka ji an kira mutum da cikakken sunansa na yanka, to ko a asibiti ake, ko a gaban alƙali, ko kuma mai bin bashi ne ya gaji da haƙuri. In ba haka ba kowa da abin da aka rataya masa. Mace ta shekara ashirin a gidan miji, ta haifa masa 'ya'ya bakwai, amma sunansa bai taɓa ratsa haƙoranta ba, sai Malam, sai Baban Ummi, in kuma an kwana ba a shiri, "mai gidan nan". Uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, "wannan yaron" ne ko da ya zama farfesa. Jariri ya ci sunan kakansa, shi ke nan ya zama Abba tun yana rarrafe, a riƙa shela a tsakar gida cewa Abba ya jiƙa tabarma, ba wanda ya ga abin dariya. Duk wanda tumbinsa ya ɗan turo riga Alhaji ne, ko da filin jirgin Malam Aminu Kano a hoto kawai ya san shi.

Je ka Kantin Kwari ka ɗan tsaya ka sha kallo. Mace na tafe, tun daga nesa mai atamfa ya fara: "Hajiyata! Hajiyar Allah, uwar ɗakina, taho kayanki sun iso, jiya-jiya aka sauke." Ta zauna, a kawo mata ruwa mai sanyi, a baje mata turmi goma. In tayinta ya matso kusa, ta zama Hajiya babba. In ta taya rabin kuɗi, nan take Hajiyar ta zube ƙasa: "Albarka, baiwar Allah, ɗan matsa min daga bakin shago." An kai ta Makka an dawo da ita ba ta ko ɗaga daga benci ba. Haka ɗan adaidaita sahu, "Anti ina zuwa?" har sai an zo maganar canji, Anti ta koma "ke malama". Mu ma in aboki ya bugo waya ya fara da ranka ya daɗe, babban yaya, namijin duniya, mun san in kare na shinshina takalmi ɗauka zai yi, sai mu yi maza mu riga shi kukan babu.

To amma duk wannan daɗin bakin namu koyo muke. Gwanayen abin suna tasha, suna bakin kasuwa, suna gefen tukunyar shinkafa da miya da kaskon suyar kaji, wato 'yan daudu. E, na faɗa, kada kowa ya sunkuyar da kai yana gyaran murya kamar bai taɓa cin girkinsu ba. Mazan nan masu magana irin ta mata, masu karya wuya da tafa hannu, masu ɗaura zani a kan wando in aiki ya yi zafi, su kafa ɗaurin kallabi ranar biki, tun zamanin kakanni suna cikinmu, daga Kano da Katsina da Zariya har Maraɗi da Damagaram, har Jidda inda neman abinci ya kai wasunsu. Mun daɗe muna jin yadda suke kiran junansu muna ƙyaƙyata dariya, a zatonmu shirme ake zubawa, alhali abin yana da ƙa'ida kamar gaisuwar fada. Sai da wani Ba'amurke, Rudolf Gaudio, ya ƙetaro teku ya zauna a Kano a shekarun 1990, ya yi ta sauraronsu, ya fitar da littafi guda a 2009 a kan abin da mu muke ji kyauta a hanyar cefane muna yi kamar kunne ya toshe.

Da farko dai, ƙawa ba a tsintarta a ƙasa. A wurinsu, kamar a wurin matan da suka aro abin daga gare su, ƙawa sa'a ce, kuma ƙawance kuɗi yake ci. Wanda ka kira ƙawa, ranar da ya sa biki dole a gan ka a fili, ka yi liƙi, ka kai gudummawa idon kowa na gani, ranar naka shi ma ya rama da ƙari a kai, don ba a mayar da biki yadda aka kawo shi. In ya kwanta kai ne ɗan jinya, in jari ya karye kai ne mai rance. Saboda haka yaron da ya shigo shekaranjiya, ko albasa bai iya yankawa ba, ya dubi wanda ya shekara talatin a bakin murhu ya ce "ƙawata", ya ɗebo ruwan dafa kansa. Ba za a zage shi ba, zagi na marasa fasaha ne. Babbar za ta ci gaba da juya miyarta, ko kallonsa ba za ta yi ba, ta ɗaga ludayi ta ce da shi, shi ludayin: "Oh ni 'yasu, na ga ta kaina, yau ƙwai ne ke ce wa kaza sa'ata." Wuri ya kaure da shewa, yaro ya rasa inda zai sa fuskarsa. Kun ji ni ma har na fara cewa "ta", abin yana da naso.

Babbar nan kuwa sunanta uwa. Ita ta karɓi yaron ranar da ya sauka a tasha da ledar kayansa, ta ba shi wurin kwana, ta koya masa yadda ake soya miya ba ta kama ba, da yadda ake yanka kaza ta yi auki. Shi kuma ya zama 'ya, da wanke tukwane da kai markaɗe da hura wuta tun asuba. Uwa ta ce "'yar nan, miƙo min gishiri", 'ya ta ce "to Hajiya", ta miƙa da hannu biyu. Akwai jikoki ma, don 'ya in ta yi ƙarfi ta kafa nata murhun ita ma sai ta yi tata 'yar, dangi guda cur ba a je ɗakin haihuwa ba. Mu da muke dariyar wannan, wane ne a cikinmu ba shi da uban gida wanda ko ƙauyensu ɗaya ba su haɗa ba? Ɗan siyasa na raba shinkafa mu ce Baba, ya faɗi zaɓe mu ce "mutumin nan ai dama mun faɗa masa".

Ƙa'idar da ta fi kowace nauyi ita ce sanin wuri. "Ke" ta cikin ɗaki ce da bakin murhu da filin biki. Da an fito titi, an shiga sahun salla, an je jana'iza ko ɗaurin aure, sai "kai", sai Malam wane, sai Alhaji. Da yawansu fa magidanta ne, da mata da 'ya'ya da surukai, wasu sun sauke farali ba sau ɗaya ba. Wanda bakinsa ya suɓuce ya ce "ke Hajiya" a gaban surukin mutum ko a gaban ɗansa, ya yanke zumuncin da ba a ɗinke shi da ban haƙuri. Kuma tun da Zamfara ta ƙaddamar da shari'a a 1999, Kano ta biyo baya a 2000, aka kafa hukumar Hisbah a 2003, suɓutar baki ta wuce abin kunya kawai, tana iya kai mutum inda bai shirya kwana ba. A 2007 an kama mutum 18 a Bauchi bisa zargin shigar mata, labarin ya zaga ko'ina. Shi ya sa kafin a ce ƙawa sai an waiga dama an waiga hagu. Baki shi ke yanka wuya, su kam sun riƙe wannan karatun fiye da mu masu faɗinsa a majalisa.

Sannan baƙo ba ya tsoma baki a kwanon da ba nasa ba. Duk mun san irin saurayin nan da zai zo cin abinci da abokansa, yana son ya burge, ya maƙale murya ya ce "Hajiya, a ƙaro miya mana." Mai abincin ba zai ɗaga kai ba. Zai ɗebo miyar a hankali, ya zuba, ya goge bakin kwano da yatsa, ya gyara zaman tsokar naman ta fuskanci mai ci, sannan ya ce da murya mai sanyi: "Ga ta nan, angon ƙarni. Ci ka ƙoshi ɗan albarka, na san a gida ba a saba ba." Abokan su faɗi ƙasa don dariya, saurayi ya cinye shinkafarsa shiru, ya biya har ya manta canji. Wanda ya daɗe yana ciniki, aka san ba da raini ya zo ba, shi ana iya ƙyale shi ya ce Hajiya, har a ƙara masa ƙashi mai bargo. Sauran mu kuwa "mai abinci" ta ishe mu, kowa ya tsaya a matsayinsa.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne, sunan da ya fi zaƙi shi ya fi kaifi. In ka ji ɗan daudu ya ce "ƙawa" a gajarce, lafiya lau ake. In ka ji an ja ta, "ƙawaaata ta kaina, 'yar uwa rabin jiki, farar mace alkyabbar mata", an tafa hannu an riƙe ƙugu, to ja kujerarka baya, yaƙi ne ya taso. Kuma kada matan unguwarmu su yi wata fuska, wannan darasin tare suka ɗauke shi. Kishiya ta ce wa kishiya "Yaya, sannu da hutawa", kowa ya san cewa aka yi ba ta taɓa tsinke ba tun safe. Uwar miji ta ce "amaryarmu ta gwal", ma'ana shekara uku ba ta iya tuwo ba. Mu maza kuma da muke cika baki wai ba ma habaici, mu ne masu cewa "Shugaba, ka ɓuya" ga wanda ya ci mana dubu biyar tun kafin azumi.

Ai laifi tudu ne. Da rana a majalisa mu yi ta a'uzubillahi, mu girgiza kai, mu ce zamani ya lalace. Da magariba ta wuce sai ga mu a layi da kwano, muna cewa a sa mana ɓangaren cinya. Biki ya tashi a gida, Hajiya ta ce ba mai iya dafa wa mutum ɗari biyar sai 'yan daudu, Alhaji ya ce shi dai ba ruwansa, amma ga kuɗin. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a 2014, da ya yi fim ɗin Ibro Ɗan Daudu, su wa suka saya suka kai gida? Mu ne, aka kalla da yara da kaka, aka yi mako ana kwaikwayon tafiyar a tsakar gida. Azumi ya kai goma, 'yan tashe su fito, yaro ya ɗaura zanin uwarsa ya cusa tsumma a ƙirji, yarinya ta zurma rigar babanta ta liƙa gemun auduga, mu ba su sadaka har mu ce su sake, bai ishe mu ba. Ana so ana kaiwa kasuwa, wannan ita ce sana'armu ta gado.

Da waya ta shigo kuma sai abin ya zama gayya. 'Yan mata sun koma ƙawas da ƙawalli da ta wajena da habibti, a saƙon murya na minti bakwai wanda gaisuwa ta cinye shida. Budurwa na kiran saurayinta Yaya, yayanta na ciki ɗaya kuma "kai wane". Maza a WhatsApp kowa Jagora ne, kowa Oga ne, har an rasa wanda ake jagoranta. Mutum bai taɓa ganinki ba, saƙonsa na farko "salam gimbiya", na biyu "kin ci abinci?", na uku ya fara maganar sadaki. Uwa uba, ƙato da gemunsa ya buɗe shafi a Facebook da hoton 'yar fim ɗin Indiya, ya sa wa kansa sunan sarauniya, manyan mutane masu jikoki suna ta rabin raina, hasken idona, suna turo katin waya. Ranar da asiri ya tonu kowa ya ce shi dama ya gane, gwada ta yake yi. Waɗannan ɗin dai su ne da safe za su wuce ta tasha suna tofar da yawu. Shi ɗan daudu aƙalla ƙawarsa ta san ko shi wane ne, ta san matarsa, ta je sunan ɗansa, ta kuma san ranar da za ta ce masa Malam.

Saboda haka kafin a ci gaba da gulmar, a ɗan yi ƙidaya a nan inda muke zaune. Wanda bai taɓa ce wa mai shago Alhaji don a ɗaga masa ƙafa ba, bai taɓa ce wa matarsa gimbiya ranar da ya dawo ba cefane ba, bai taɓa kiran wanda ya tsana "ɗan uwa na jini" ba, bai kuma taɓa lashe yatsa a kan miyar da ya gama zagin mai ita ba, ya ɗaga hannu mu gan shi. Malam, sauke naka, jiya tare muka yi layi. To tunda ba kowa, ranka ya daɗe, babban yaya, namijin duniya, kai da ke kusa da mai shayi, yau kai za ka biya.