Makirufo mai juya kunne: saƙo ga masu musun fadar Deule

Na san halinku, mutanen Adar. Wanda ya yi cinikin albasa a Galmi, ya ci ranin Abijan sau bakwai ya dawo da kuɗinsa cif, ba a sayar masa da labari a banza. Shi ya sa ban ji haushi ba ranar da na ce akwai makirufon da ake murɗa masa ɗan maɓalli ya canza inda yake saurare, fadar shayi ta kwashe da dariya. Wani kawuna har ya ajiye kofi ya ce, "Ɗana, jaki ne kawai na san yana juya kunne. Ƙarfe kuma?"

To kawu, gyara zama. Jakin ma Jamusawa sun kwaikwaya.

Ka san kalangu: fata a wannan baki, fata a wancan. Haka cikin wannan makirufon yake. Tantani biyu ne sirara ƙwarai, an shafa musu ruwan zinariya, sun juya wa juna baya, da faifan ƙarfe mai hudoji a tsakiya. Injiniyoyi biyu na rediyon Jamus, Braunmühl da Weber, su suka fito da dabarar tun shekarun 1930. Kowane tantani abin da ke gabansa yake ji. Idan aka ba na gaba kaɗai wuta, makirufo zai saurari mai magana ya toshe kunne ga na baya. Masu sana'ar suna cewa jinsa ya yi siffar zuciya. Idan aka ba duka biyun wuta iri ɗaya, sai ya ji ko'ina, kamar tsohuwar da ba a ɓoye mata zancen unguwa. Idan kuwa aka juya wutar na baya ta saɓa wa ta gaba, sai ya ji gaba da baya, ya kurumce ta gefe, jinsa ya zama siffar lamba 8.

Na ga Alhaji yana girgiza kai, wai ai duk wannan yayin yaran zamani ne. Alhaji, abin ya girme ka. Kamfanin Georg Neumann na Balin ya sa U 47 a kasuwa a 1949, mai maɓallin zaɓi biyu. A 1951 ya fito da M 49, wanda ake murɗa jinsa daga nesa ba tare da an taɓa shi ba. A 1953 kamfanin AKG na Biyana ya kawo C 12 mai zaɓi tara. Lokacin Nijar ba ta ma karɓi mulkin kai ba, sai a 1960. Kunne ya girmi kaka, amma wannan kunnen ya girmi tutarmu.

Sai tambayar da na san tana tafe, tunda Ba'adare ba ya tashi taro bai yi ta ba: "Mece ce ribar?" Ga ta. Liman a kan mumbari, ko sanƙira a gidan suna, siffar zuciya ce tasu, don kada kukan awaki da ƙarar injin niƙa su shiga huɗuba. Ɗan rediyon karkara da ya zaunar da manomi da makiyayi fuska da fuska, lamba 8 ce tasa: kowa ya faɗi tasa, 'yan zuga na gefe su yi ta yi, ba mai jin su. 'Yan mata sun yi da'irar gaɗa da daddare, sai a murɗa zuwa mai jin ko'ina, a ajiye shi tsakiya. Da can sai ka ɗauko makirufo uku. Yanzu ɗaya, da ɗan yatsa.

Amma kada ku ce na yi muku dillanci. Iskar da ta sa aka jera layukan itatuwan bedi a kwarin Majiya tun 1975 ba ta raga wa makirufo. Mai siffar zuciya da mai lamba 8 su suka fi jin jiki, sai ka ji bubu-bubu kamar ana kaɗa tabarma. Mai jin ko'ina ya fi haƙuri da ita. Ƙurar hunturu kuma maƙiyiyar tantanin ce. Ga tsada: U 87 ɗin Neumann, wanda ya fito a 1967, ya fi sabon babur kuɗi nesa ba kusa ba. Ban ce kowa ya sayar da ragon layya ba.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne, ku masu musun kun daɗe kuna murɗa wannan maɓallin ba ku sani ba. Makirufon hannu na biki, irin Shure SM58 da kwaikwayonsa da suka cika kasuwa, yana da 'yan ƙofofi a bayan kansa. Ta nan sautin baya ke shiga ya kashe kansa da kansa. Sai mai shela ya zo ya dunƙule kan a tafin hannu, wai shi gwani. Ya toshe ƙofofin ke nan, ya mai da shi mai jin ko'ina. Makirufo ya ji lasifika, lasifika ta maimaita, makirufo ya sake ji, sai wannan ƙiiii da ke tayar da jarirai. Daga nan a hau zagin yaron da ya haɗa waya, wani ma ya ce aljanu ne ba sa son auren.

Kawu, ranar ɗaurin auren 'yarka na ga wanda ya riƙe makirufo, na kuma ga irin riƙon da ya yi masa. Ba zan faɗi suna ba. Zuba mani na uku, mu bar zancen a nan.