Wasiƙa Zuwa Ga Taubashina, A Kan Zargin Rashin Amana

Daga Manchesta, ƙasar Ingila.

Zuwa ga taubashina, bawan gidanmu na gado. Ina fata kana lafiya, kai da iyali da Gwaggo, da kuma tsohuwar Fijo ɗinka, wadda na ji labarin har yanzu ba ta yarda ta tashi sai yaran unguwa sun taru sun tura.

Bayan haka, saƙonka ya iske ni, na kuwa karanta tuhumar da ka yi mini, wai ka ji daga bakin Yaya cewa ba na shekara biyu da kamfanin inshora ɗaya, na mota ko na gida, saboda haka ka yanke hukunci, ba shaida ba rantsuwa, cewa ruwan Turai ya wanke mini amana. To, tun da yake ko a gaban alƙali ba a hukunta mutum sai an ji ta bakinsa, gyara zama ka saurari ubangidanka.

Ka sani, inshorar mota a ƙasar nan wajibi ce tun shekarar 1930, wanda duk aka kama yana tuƙi ba ita za a ci shi tarar fam 300, a yi wa lasisinsa tabo na maki shida, 'yan sanda kuma suna da ikon tafiya da motar. Har ma tun 2011, motar da ke ajiye a ƙofar gida sai an yi mata, in ba mai ita ya sanar da hukuma cewa ya jingine ta daga hawa titi ba. Ta gida kuwa, ko da yake doka ba ta tilasta ba, bankin da ya ba ka rancen sayen gidan ba zai sake maka ko sisi ba sai ya ga takardarta. Na san za ka ɗauko mas'alar garari da riba, domin kai malanta takan motsa maka ne in abin ya shafi dukiyar wani. Malamanmu na nan sun yi magana, galibinsu suka ce abin da hukuma ta tilasta ya shiga babin larura, musamman da yake inshorar takaful, wadda aka fara a Sudan a 1979, ba ta yi jijiya a wannan kasuwa ba.

Yanzu ga inda hankalinka ya kamata ya tsaya. A wurinmu, mutumin da ya shekara goma yana sayen nama a teburin mahauci ɗaya, shi ake yanka wa gyara, shi ake ɓoye wa tsoka mai kyau, ran da aljihu ya bushe kuma shi ake ce wa ɗauka ka kawo daga baya. A nan kuwa, kafin 2022, sai na tarar da al'amarin a birkice: baƙon da ya shigo yau shi ake yi wa rangwame, har kamfani ya yarda ya yi asara a kansa a shekarar fari, sa'an nan kowace shekara a riƙa ɗora masa kaɗan kaɗan, gwargwadon yadda aka lura ba ya duba takarda, ba ya tambaya, ba ya barazanar tafiya, har ya zama shi ne yake biyan kuɗin rangwamen da ake jawo wasu baƙin da shi. Hukumar da ke sa ido a kan mu'amalolin kuɗi, wadda suke kira FCA, ta yi bincike ta bayyana a 2020 cewa inda sabon shiga yake biyan fam 285 a kan mota, wanda ya wuce shekara biyar yana biyan 370. A inshorar gida da kayan ciki kuwa, sabo 165, tsoho 287. Ta ce a 2018 mutum miliyan shida ne aka tsawwala wa farashi, da an karɓi abin da ya dace da su, da fam biliyan 1.2 sun zauna a aljihunsu.

Na ga wannan da idona a gidan maƙwabciyata, wata tsohuwar Baturiya da mijinta ya rasu, mai kirki ƙwarai, wadda duk ranar Salla takan aiko wa yara da alewa. Wata rana ta kira ni in karanta mata wasiƙar sabuntawa, domin tabaranta ya ɓata. Ta ɗauko wani gwangwanin biskit inda ta jera takardun kamfanin shekara bisa shekara, an ɗaure da roba, na farkon duk da sunan marigayin. Da na gaya mata cewa abin da take biya ya zarce na sauran gidajen layin nesa ba kusa ba, sai ta dafa gwangwanin ta ce ai mijinta ne ya zaɓe su, kuma ba su taɓa yi mata laifi ba. Wallahi taubashi, abin ya sosa mini rai, domin ita tana riƙon alkawari ne, alhali a can ɓangaren babu wani mahaluki da ya san da ita, kwamfuta ce kawai ta auna ta ta gane ba za ta motsa ba. Irin waɗannan, tsofaffi da marasa intanet, su zaluncin ya fi faɗa wa.

Alhamdu lillahi, an sami masu magana. A watan Satumba na 2018 wata ƙungiyar ba talakawa shawara mai suna Citizens Advice ta kai ƙara gaban hukuma, aka yi ta bincike, daga ranar 1 ga Janairu 2022 kuma aka kafa ƙa'ida cewa kamfani ba shi da ikon caza wa tsohon abokin cinikinsa fiye da abin da zai caza masa da yau ya zo a matsayin baƙo ta hanya guda. Wannan adalci ne, na kuwa yaba. Sai dai ƙa'idar ta hana kamfaninka fifita baƙo a kanka ne kurum, ba ta ce shi ne mafi sauƙi a kasuwa ba. Ga shi a 2023, da kayan gyara da ladan makanikai suka yi tsada, kuɗin inshorar mota ya tashi da misalin kashi ɗaya cikin huɗu. Don haka har gobe mai hankali yana zagaya kasuwa.

Zagayen kuwa ba ya bukatar takalmi. Akwai shafuka a intanet da za ka zuba bayaninka su jero maka farashin kamfanoni birjik. Ɗaya daga cikinsu ma wata 'yar dabba ce dangin tunku, sanye da rigar alfarma, tana magana da karin harshen Rashawa, take yi masa talla a talabijin, manyan mutane kuma suna sauraronta. Masana sun ce a yi binciken kamar mako uku kafin wa'adi ya cika, domin wanda ya zo a ƙurarren lokaci ana ɗaukarsa marar tsari, a ƙara masa. Sa'an nan ka buga wa kamfaninka waya ka ce ga abin da wasu suka sallama. Nan ne nakan tuna da kai, kai da kake taya kaza tun hantsi har azahar. Da za a haɗa ka da yarinyar da ke amsa wayar nan, na rantse sai ta biya maka daga albashinta don ka ajiye. Rangwamen shekarun da ka yi ba ka nemi diyya ba kuma yana binka duk inda ka koma.

Amma kada ka zaci araha kaɗai nake bi. Nakan duba nawa ne zan fara biya daga aljihuna in hatsari ya auku, da abin da aka cire daga sharuɗɗa da ƙananan haruffa, kuma ba na rage ko ƙwayar zarra a bayanina, domin ƙarya haramun ce, a nan kuma tana ɓata yarjejeniyar daidai ranar da kake bukatarta. Kamfanin gidana ma, saɓanin abin da Yaya ta gaya maka, ina tare da shi, domin lokacin da sanyi ya fasa mana bututun ruwa rufi ya jiƙe, sun turo ma'aikata sun biya ba ja-in-ja. Wannan hali na gani, saboda shi nake haƙuri da ɗan ƙarin da suke yi. Maƙwabciyata kuwa, ɗiyarta ta buga musu waya, suka rage mata nan take, ta zauna da su kamar yadda take so.

Kai da kake wa'azin amana, na ji an ce tun da aka mai da kuɗin inshorar tilas naira 15,000 a 2023, wani yaro a bakin ofishin lasisi kake ba wa ya kawo maka takarda. Don Allah ka je ka tabbatar ta gaskiya ce, domin ran da Fijo ta ƙwace wa masu turi ta shiga shagon wani, ba ni zan biya ba. Ka gai da Gwaggo, ka ce mata kukar da ta aiko ta ƙare, daddawar ma saura kaɗan.

Haza wasalam, daga ubangidanka.