Wai Ni Ne Na Gina wa Sauro Gida?

Na san abin da za ku ce tun kafin ku buɗe baki. Mutum yana zamansa lafiya, ya haƙa ɗan rami a bayan ɗaki, ya cika shi da ruwa, wai don kurciya da kwaɗo su samu na sha. A garin da ake bin 'yan garuwa da lallashi in bazara ta kama! Malam ya riga ya yanke hukunci daga kan tabarmarsa: ƙoshi ne. Hajiya ta ce ba ƙoshi ba ne, a dai nema masa magani. To sannunku da fama. Ku gyara zama, ni ma Allah ya ba ni baki.

Babbar hujjarku sauro ce, kuma ban raina ta ba. Alkaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a Najeriya suke. Amma Alhaji, kafin ka nuna kududdufina da yatsa, taso mu zaga gidanka. Waccan tsohuwar tayar da ka ɗora a kan kwano don kada iska ta yaye shi, me ke cikinta tun ruwan farko? Gwangwanayen tumatir na bayan madafi fa? Ga tankin da murfinsa ya ɓata tun bara, ga kwatar da ta daina tafiya tun ana kiran ka ango. A 2020 an gano wani sauro ɗan Asiya a Gombe, Anopheles stephensi, wanda ba ya ƙyamar birni, kuma tankuna da durom-durom yake so. Ni nawa ruwan aƙalla akwai masu gadi a ciki. Naka kuwa, sauro ya yi ƙwai ya tafi hankalinsa kwance, ya san nan da mako guda ko kwana goma 'ya'yansa za su tashi ba wanda ya ce musu kanzil.

Su wa ke gadin? Mazarin nan da kuke gani yana shawagi, ba a sama ya yi ƙuruciyarsa ba. Watanni yake yi a ƙarƙashin ruwa, ba fuffuke, ba sana'a sai farauta, kuma tsutsar sauro na cikin abincinsa. Akwai ƙwaron ruwa masu iyo a rigingine, akwai ƙananan kifaye. Kwaɗo ma yana taɓa nasa, ko da yake an fi zuzuta shi fiye da aikinsa.

Yanzu ga inda za ku yi mini dariya, kuma na ba ku izini. Sauron da ke kawo zazzaɓi ba mai son ƙazanta ba ne. Ruwa mai tsabta yake so, marar zurfi, wanda rana ke bugu. Wato sabon kududdufi, kafin masu gadi su tare, ɗakin amarya ne a wurinsa. Saboda haka makonnin farko ba na barci ba ne. Ka ɗauki farin kofi duk mako, ka kamfato ruwa daga gefe-gefe inda ciyayi suke, ka duba. In ka ga 'yan abubuwa suna wutsil-wutsil, su ne. Ƙaramin famfo mai aiki da hasken rana da zai riƙa motsa ruwan yana rage su, domin uwar ba ta son yin ƙwai inda ruwa ke rawa. Akwai kuma maganin da ake kira Bti, wata ƙwayar halitta ce da aka samo a wani tafki a hamadar Negeb a 1976. Tsutsar sauro take kashewa idan ta ci, ba ruwanta da kifi ko kwaɗo ko tsuntsu. Da ita ma aka yaƙi baƙin ƙudan da ke makantar da mutanen bakin kogi a Afirka ta Yamma.

Ga Malam can ya miƙe da galan. Ya ce wane irin Bti, a zuba baƙin mai ko kananzir a huta, in an ƙi a ɗiga fiya-fiya. Malam, Allah ya huci zuciyarka, ajiye galan ɗin. Tabbas za ka kashe tsutsar, tare da mazari da ƙwaro da kifi da duk mai numfashi a wurin. To wa zai fara dawowa? Wanda ke hayayyafa cikin mako guda, ko wanda ke bukatar watanni? Ka sallami masu gadi, ka bar wa ɓarawo ƙofa a buɗe, sannan ka dawo majalisa kana cewa ai ka faɗa.

Hajiya, ke kuma na hango ki da omo da buroshi. Kin ga ruwa ya yi kore, ranki ya ɓaci, domin a gidanki ko buta sai ta yi ƙyalli. Ki yi haƙuri, tsabtar kududdufi dabam take da ta banɗaki. Kwaɗo ta fatarsa yake shan ruwa, har numfashi yana yi da ita, don haka kumfar da ke faranta miki rai ajalinsa ce. Gansakuka kuwa ba haka kawai take zuwa ba, abinci ta samu da rana. Abincin shi ne ganyen darbejiya da hunturu ke kakkaɓowa ya ruɓe a ƙasa, da kashin tsuntsaye, da takin da ruwan sama ya wanko daga gindin shuka. Ki tsame ganye kafin ya nutse. Gansakukar ki naɗe ta a jikin sanda, ki ajiye a bakin ruwa ta kwana, 'yan halittun da suka maƙale a ciki su lallaɓa su koma, da safe ki kai ta juji. In za a sauya ruwa, a rage kaɗan a ƙara kaɗan, ba a kwashe duka. Ruwan famfo kuma a bar shi a bokiti kwana ɗaya ko biyu, sinadarin kulorin ya fice tukuna. A dasa bado ya rufe kamar rabin fuskar ruwan, ya yi inuwa, domin ruwan da ya yi zafi ba ya riƙe iska, shi ya sa kifi ke tasowa yana haki da asuba a watan Afrilu.

Bado na ce, ban ce kainuwa ba. Ita dashen Allah ce, ba ta jiran taimakonka, ka sa guda uku ka dawo ka tarar ba ka ganin ruwa. Kachalla kuwa ka tambayi masunta da manoman fadamar Haɗeja da Nguru yadda ta toshe musu hanyoyin ruwa. Kuma in ka ciro badon daga kududdufin gari, ka wanke shi sosai ka tsince 'yan katantanwar da ke jikinsa. Ta cikinsu tsutsar tsargiya ke bi kafin ta shiga fatar mutum, kuma fitsarin mai cutar ne ke kai ƙwanta ruwa. Wannan ruwa ba na wankan yara ba ne, ba kuma na tsugunno ba.

Na san tambayar da ke cin Alhaji tun ɗazu: tun da an riga an yi ramin, me zai hana a zuba tarwaɗa a samu na miya? Ai ka ji ka! Tarwaɗa ba ta san maƙwabci ba, duk abin da ya shiga bakinta ya zama nata. In kiwon kifi kake so, sana'a ce mai kyau, ka yi ta da sunanta.

Abu guda ne ba zan yi wasa da shi ba. Yaro mai rarrafe yana iya nutsewa a ruwan da bai kai taƙi ɗaya ba, kuma ba a jin ihunsa. In akwai ƙananan yara a gidan, ko dai a kewaye wurin da shinge mai ƙofa, ko a shimfiɗa ragar ƙarfe mai ƙwari a kai, ko a haƙura har su girma. Kasko ma ya isa: a sa ruwa kaɗan da 'yan duwatsu a ciki don ƙananan tsuntsaye da ƙudan zuma su samu wurin tsayawa, a zubar a goge duk bayan kwana biyu ko uku, a kuma ajiye shi a fili inda kyanwa ba ta da maɓoya. Kakanninmu sun san ladan ajiye wa tsuntsu ruwa da bazara, kuma duk wanda ya zauna gaban malami ya ji hadisin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare. Ba daga Turai na kwaso ba.

Wanda ya yi kududdufin kuma ya kwantar da gefe ɗaya, ko ya jera duwatsu su zama matakala. Bushiya ta iya iyo, amma ba ta iya hawan siminti mai santsi. Haka ƙadangare, haka 'yan tsakin Hajiya, waɗanda in ɗaya ya faɗa ni za a kai ƙara wurin mai unguwa.

Maciji? E, yana bin kwaɗo. Yana kuma bin ɓerayen da ke cikin sitonka da tarin bulon da ka jibge tun shekarar da ka ce za ka yi bene. A nome ciyawa, a kwashe tarkace.

Saura masu cewa kukan kwaɗi zai hana unguwa barci da damina. Wannan ƙorafin daga bakin mutumin da janaretansa ke ruri har ƙarfe biyun dare ya fito. Ka kashe naka, Alhaji, ni kuma zan je in roƙi nawa su rage murya.