Hasken da Ke Ha'intar Ido

Lanƙwasar haske, wato karkatar da yake yi idan ya ratsa iska mai bambancin zafi da kauri, ita ce ke janyo gardamar da kan kaure a majalisun Ƙofar Galadima a Zazzau, inda mai waya ke nuna bidiyon wani gini da aka hango daga ƙetaren ruwa, ya ce ga shaidar cewa duniya shimfiɗe take. Iskar da ke dab da ruwa mai sanyi ta fi ta samanta kauri, saboda haka haske kan rusuna ya bi doron ƙasa, ya ɗago wa ido abin da ke bayan kwana.

A 1838 Samuel Rowbotham ya shiga magudanar Bedford a Ingila, ya kafa madubin hangen nesa dab da ruwa, ya bi kwalekwale da kallo har mil 6, ya fito a jiƙe yana shelar cewa duniya shimfiɗe take. A 1870 Alfred Russel Wallace ya maimaita gwajin, ya ɗaga madubin sama da ruwan, ya nuna duniya ba shimfiɗe take ba, ya ci cacar fam 500, amma abokin cacar da ya sha kaye ya yi shekara da shekaru yana zaginsa.

Bazazzage kuwa ba ya buƙatar teku, domin ƙawalwalniyar kwaltar Kaduna a bazara 'yar gida ɗaya ce, kuma direba bai taɓa tsayawa alwala a cikinta ba. Wannan lanƙwasa dai tana ɗaga rana kimanin rabin digiri a faɗuwarta, ta ƙara wa mai azumi wajen minti 2, ga kunu da ƙosai suna hucewa a gabansa.